Hunturu Ya Shigo, Ina Gangar Jami'armu?

Zuwa ga ƴan'uwa na rassan Mirriya, Magariya, Matamai, Kance, Tanut, Gure, Dungas da sauran garuruwan kasuwa na ƙasar Damagaram.  Ga wata magana da mu ke so a karanta a taron reshe, a yi shawara a kanta, kuma a aiko mana da abin da aka yanke.

Iskar hunturu ta taso, hazo ya rufe duwatsun Birni, da asuba kowa na neman bakin wuta. Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ma'anar wannan lokaci. Damina ta noma ce, kaka ta girbi ce, bazara kuwa kowa na ta kansa saboda zafi da neman ruwa. Amma daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ciki ya cika, aiki ya yi sauƙi, shi ne lokacin da talaka ke miƙe ƙafa. A nan ne a ke ɗaura aure, a nan ne ƴan kokowa ke bin kasuwanni ana yi musu kirari, ƴan dambe su ɗaure hannu kalangu na tashi, yara su yi langa a dandali, ƴan mata su yi gaɗa da farin wata, tsofaffi mata su tara jikoki su yi musu gatana. Ba wani kumandan da ya rubuta mana wannan tsari. Ƙasa ce da iskarta suka tsara shi, kakanninmu suka bi.

To, a cikin garin nan akwai jami'a. An kafa ta a 2010, tare da ta Maraɗi da ta Tawa, bayan shekaru masu yawa da ɗan Damagaram ba ya samun karatu mai zurfi sai ya kama hanyar Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ko ya fita ƙasar waje. Ƴaƴanmu ne a ciki, da ƴaƴan ƴan'uwanmu na Difa, Agadas, Dosso da sauran sassa. Da kuɗin harajin manomi da na mai tebur a kasuwa a ke riƙe da ita. Maganarmu ɗaya ce: lalle ne wasan hunturu na garin nan ya shiga jami'a ta babbar ƙofa, kuma lalle ne ɗaliban jami'a su fito da nasu wasan zuwa unguwa da kasuwa. Wannan aiki ba zai yi kansa ba, sai rassa sun sa hannu.

ABIN DA ZANGO YA KOYA MANA

Mu da mu ke zaune a Zango mun san asalin sunan unguwarmu. Sarki da fadawansa suna cikin Birni, bayan ganuwar da Sarki Tanimu ya ƙarfafa a zamaninsa, kafin rasuwarsa a 1884. Zango kuwa masaukin fatake ne a waje, inda ayari ke sauke kaya. Da sanyi ne Buzaye ke gangarowa da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da tufafi da kayan fata. Baƙo ya sauka, ya ba da abin da ya zo da shi, ya karɓi abin da ya tarar, da haka gari ya yi arziki, har ma da sababbin kalmomi da sababbin waƙoƙi.

Jami'a ma zango ce. Yaro ya zo daga nesa ya sauka shekara uku ko biyar, sa'an nan ya ɗaura kayansa ya wuce. Idan ya yi wannan zama duka bai san hanyar dandali ba, bai taɓa jin kakaki da algaita a ƙofar fada ranar salla ba, mutanen gari kuma ba su ga komai daga hannunsa ba sai wucewarsa da jakar takardu, to an yi zango babu ciniki. Ayarin da ya sauka ya tashi bai kwance kaya ba, da shi da mai masauki duk sun yi hasara.

TSOHUWAR CUTA

Ƴan'uwa, abin da mu ke tsoro ba sabo ba ne. Nasara ya ci garin nan a 1899, ya mai da shi babban birnin ƙasa daga 1911, ya kwashe mulkin zuwa Yamai a 1926. Lakwal ɗin da ya kawo an gina ta ne don ta fitar da akawu da tafinta da ƙaramin mushe. A cikinta yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa sai a rataya masa alamar kunya a wuya, ya yini yana farautar wani ɗan'uwansa da zai miƙa wa. An koya masa waƙoƙin ƙasar da bai taɓa gani ba, an koya masa kakar shekara huɗu ta Faransa har da ƙanƙarar da ke sauka daga sama, amma ba a taɓa tambayarsa sunan gangar da a ke kaɗa wa manoma ba. Da ya fito sai ya ga kokowa abin ƴan ƙauye ne, makaɗi kuma maroƙi ne kawai.

Ko a inda Nasara ya yarda da wasanmu, don kansa ya yarda. A makarantar William Ponty ta ƙasar Sanagal, inda a ke horar da manyan ma'aikatan Afirka ta Yamma, an riƙa tura ɗalibai gida lokacin hutu su tattaro al'adun garuruwansu, su mai da su wasan kwaikwayo da Faransanci. A 1937 aka kai su Paris suka yi wasa gaban Turawa, aka tafa musu. Mutanen da aka ɗebo labarin daga bakinsu ba su ga wasan ba, ba su ji harshen da aka yi shi ba. An ɗebi ruwan rijiyarmu an shayar da lambun wani.

Nasara ya tafi tun 1960, amma cutar da ya shuka ba ta bi shi ba. Har yanzu akwai mai ganin cewa ilmi shi ne ka yi nesa da mutanenka. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Likitan da ke ƙyamar taron ƙauye, da wace fuska zai shiga ƙauye ya yi allura? Mai mulkin da bai taɓa tsayawa cikin ƙura yana kallon kokowa tare da talakawa ba, ta ina zai san abin da ke faranta musu rai da abin da ke ɓata musu?

GARIN NAN BA MATALAUCI BA NE

Kada wani ya ce ai babu abin koyo a nan. Bari mu ƙirga.

Jami'ar kanta tana ɗauke da sunan André Salifou, haifaffen garin nan a 1942, wanda ya rasu a 2022. Mutane da yawa sun san shi ne ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991. Amma kafin wannan, masanin tarihi ne da ya rubuta littafi a kan Damagaram ta ƙarni na 19, aka buga a 1971, kuma marubucin wasan kwaikwayo ne da ya ɗora Sarki Tanimu bisa dandamali. Jami'ar da ke amsa sunan mai wasan kwaikwayo, wasa ya zama mata gado.

A garin nan ne Yazi Dogo, wanda shi ma malamin lakwal ne, ya yi wasannin kwaikwayo na Hausa da ƙungiyarsa a shekarun 1970, rediyo da talabijin suka kai su ko'ina, mutane suka yi dariya kuma suka ga kansu a ciki. A fadar nan ne marigayi Ma'azu Ɗan Alalo ya yi waƙa har muryarsa ta tsallaka iyaka. Marigayi Mamman Barka, ɗan Taskar, malamin lakwal ne shi ma kafin gurmi ya fitar da sunansa. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban wani tsoho na Buduma ya koyi biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar da ya kusa ɓacewa, ya kai shi har Turai kafin rasuwarsa a 2018. Ku dubi wannan da kyau: da mai ilmin lakwal bai ƙasƙantar da kansa ya je ya durƙusa gaban tsoho ba, da biram ya shiga kabari tare da mai shi.

Ga kuma wasan kara, wanda garin nan ya yi suna da shi. Samari su ɗauki karan da aka bari bayan girbi su ƙera bindiga da tabarau da na'urar ɗaukar hoto, wani ya zama shugaban ƙasa, wani minista, wani gwamna, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu a bainar jama'a, manya su kalla su yi dariya, su kuma ji abin da ba a iya faɗa musu a ofis. Inoussa Ousseini, ɗan garin nan, ya ɗauki wasan a sinima a 1980. Duk mai karatun sha'anin mulki da ya raina wasan kara, ya tsallake babban darasi.

Kokowa kuwa ba sai an faɗa ba. Tun 1975, da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ba wani wasa da ke tsayar da Nijar cik kamar ta. Jihohi takwas, kowace ta kawo gwanaye goma, ƙasa duka kunne na kan rediyo, kuma da sanyi a ke yi. Filin kokowar garin nan sunan Langa-Langa ya ke ɗauke da shi, Balla Haruna ma ya kawo mana takobi gida. A watan Disamba na 2005, da Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, kokowarmu na cikin wasannin da baƙi suka zo suka kalla. Abin da duniya ta zauna ta kalla, ɗanmu ne zai ji kunyarsa?

MASU CEWA A'A

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba mu raina su ba.

Na farko su ne masu cewa ɗalibi abinci ya ke bukata, da wurin kwana, da kuɗin tallafinsa a kan kari, da aji mai kujera, ba ganga ba. Gaskiyarsu. Mai jin yunwa ba ya rawa, kuma ba mu ce a ɗebi ko dala daga tukunyar ɗalibai a sayi kalangu ba. Amma nawa ne kuɗin filin kokowa? Rairayi ne da igiya. Nawa ne kuɗin dandamalin wasan kwaikwayo? Inuwar bango ce da tabarmi. A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta gina gidan wasanta da ƙasa, irin ginin Hausa, ɗalibanta kuma suka riƙa fita Samaru da ƙauyukan kewaye suna shirya wasa da Hausa tare da manoma a kan matsalolin manoman. Maginan Damagaram da suka yi zanen gidajen Birni da Zango ba su kasa na Zazzau ba.

Na biyu su ne iyaye da malamai masu tsoron lalacewar tarbiyya. Su ma muna tare da su a kan abin da su ke tsoro. Saboda haka ne mu ke cewa a yi abin da rana, a fili, gaban iyaye, a tashi kafin magariba, babu giya, babu caca. Barna ba ta son idon jama'a, lungu ta ke so. Yaron da ba a ba shi fili ba zai nemi lungu. Kowa a garin nan ya san labarin ƙungiyoyin samarin da a ke kira fale, kuma ɗiyar garin nan Aïcha Macky ta nuna wa duniya rayuwar samarin Kara-Kara a sinimarta ta 2021: ƙarti masu ƙarfi, suna ɗaga ƙarfe, babu aiki, babu mai kallonsu sai da tsoro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da ɗan jami'a da ɗan Kara-Kara suka kama juna a fili ɗaya, alƙali ɗaya, doka ɗaya, wanda ya faɗi ya tashi ya ba ɗan'uwansa hannu, ranar an liƙe wata tsaga.

Na uku su ne wasu daga cikin masu ilmin kansu, da ke cewa zamani ya wuce nan, yanzu lokacin ƙwallo ne da kiɗan na'ura. Ba mu hana ba. A buga ƙwallon ƙafa, a buga na kwando, a yi gudu, a yi waƙar zamani. Issaka Dabore ya kawo wa Nijar lambar tagulla ta damben zamani daga Munik a 1972, Abdul Razak Alfaga ya kawo ta azurfa daga Riyo a 2016, mun yi murna da su duka. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ba baƙo ɗaki a bar ɗan gida a zaure. Kuma tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, a ina harshe ke nuna ƙarfinsa in ba a bakin mawaƙi da mai kirari da mai wasan kwaikwayo ba? Harshen da ke cikin takardar doka kaɗai bai tashi tsaye ba tukuna.

ABIN DA MU KE NEMA

Na ɗaya. A ware mako guda kowace shekara, tsakanin Disamba da Janairu, ya zama makon wasannin hunturu na jami'a, a buɗe ƙofa ga mutanen gari kyauta. Garin da ya karɓi bikin 18 ga Disamba a 2006 da kuma 2018 ba zai kasa shirya mako guda ba.

Na biyu. A sa kokowa da langa cikin gasar da a ke yi tsakanin sassan jami'a, daidai da ƙwallo, a ɗauko tsofaffin ƴan kokowa su horar, su yi alƙalanci. Ɗaliban likitanci su tsaya bakin fili da kayan aikinsu, su ma karatu ne gare su.

Na uku. A gayyaci makaɗan fada, da masu gurmi, da masu goge, da mata masu kiɗan ƙwarya da shantu, su shiga aji su koyar. A ba su kujera, a kira su malam, a biya su ladan koyarwa a hannu cikin mutunci, ba a liƙa musu kuɗi a goshi ba.

Na huɗu. Duk abin da ɗalibi ya ɗauka da wayarsa ko ya rubuta daga bakin wani tsoho, a sa sunan tsohon da garinsu a kai, a ajiye ɗaya a jami'a, a mayar da ɗaya garin da aka ɗauko. Kada mu yi wa junanmu abin da aka yi mana a 1937.

Na biyar. A juya wasan Tanimu zuwa Hausa, ɗalibai su yi shi a Birni, inda abin ya faru, jikokin mutanen da ke cikin labarin su zauna su kalla, su gyara inda aka yi kuskure.

Na shida. Kada a bar ƴan mata a baya. A ba su filinsu da lokacinsu, da mata masu kula da su. Rabin waƙoƙin ƙasar nan a bakin mata su ke, daga ta niƙa zuwa ta reno, kuma ɗaliba ce kaɗai za ta iya shiga cikin gida ta ɗauko su.

AIKIN RASSA

Kada a ce wannan maganar mutanen birni ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da kowane reshe zai iya yi tun daga wannan mako, ba tare da jiran izinin kowa ba.

Sakatare ya ɗauki littafi ya rubuta sunayen makaɗa da mawaƙa da tsofaffin ƴan kokowa da masu gatana na yankinsa, da shekarunsu, da irin abin da kowa ya iya. A fara da waɗanda suka fi tsufa, domin sanyin bana ba ya tambayar wanda aka riga aka ɗauki muryarsa.

A nemo ɗaliban jami'a ƴan asalin garin, a kira su taron reshe in sun zo hutu, a zaunar da su kusa da dattawa, a tambaye su abin da za su kawo wa garinsu bana. Kada a yi musu gori, kada a ce sun zama Nasara. Yaro ne, in aka ja shi a jiki zai zo.

A zaɓi ranar kasuwa guda, kamar Lahadin Mirriya ko Alhamis ɗin kasuwar Dole, a gayyaci ƙungiyar ɗalibai ta zo ta yi wasa da la'asar bayan ciniki ya lafa. Reshe ya ɗauki nauyin tuwo da masauki, ƴan kasuwa da masu mota su taimaka da abin hawa. A sanar da mai gari da limami tun da wuri, a ba su wurin zama a gaba.

Bayan wasa kada a watse nan da nan. A bar jama'a su faɗi abin da suka gani, manomi ya ce wa ɗalibi nan ka faɗi daidai, nan kuma ba haka mu ke yi ba. Wannan gyara da ɗalibi zai samu a bakin kasuwa, ba ya cikin kowane littafi.

Ƴan'uwa, hunturu wata uku ne zuwa huɗu, ba ya jiran shawara ta nuna. In muka yi sanyin jiki, za mu farka mu ga zafi ya shigo, ɗalibai sun duƙufa kan jarrabawa, samari sun tafi ci-rani, wani tsohon makaɗi kuma an kai shi makwancinsa da abin da ke cikin kansa. Iyayenmu sun yi fama don a sami makarantar da ta ke tamu. Ginin ya samu. Saura a ji ganga a cikinta, a kuma ga ƴaƴanta a dandali.

A karanta wannan a taro, a fassara wa wanda bai ji ba, a miƙa wa reshe na gaba. Muna jiran littattafan sunaye kafin ƙarshen Janairu. Allah shi ba mu sanyi mai albarka, shi kai mu bazara lafiya. Wassalam.